UNGULU TA YI WUYAR GANI A JOS: A KAI YARA DAJIN AMURUM SU SAN DALILI

Dattawan Dilimi da Gangare da Unguwar Rogo, a cikin birnin Jos, suna iya tuna zamanin da ba a yanka saniya a kwata ba tare da ungulu ta halarta ba. Kafin mahauci ya gama fiɗa, sun jeru a kan rufin kwano da rassan itatuwa suna jiran rabonsu, yara na jifansu ba su ko kula. Yau kuwa mutum yana iya yin makonni yana zirga-zirga tsakanin kasuwa da kwata bai ga ko guda ɗaya ba.

Yaran 'yan Arewa da aka haifa a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko a Sabo ta Ibadan, ko Shagamu, ko Inugu da Fatakwal, suna jin iyayensu na cewa an yi wa wane ungulu da kan zabo, ko kuwa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Da yawansu ba su taɓa ganin tsuntsuwar da idonsu ba. Da ma a ce a Kudu kaɗai abin ya tsaya, da sai a ce laifin zaman birni ne. To, amma ko an kawo su gida hutun makaranta ko na Salla, sai a tarar a gidan ma babu ita.

Magidancin da ya zo ganin gida da iyalinsa, yana kuma son yaransa su san abin da ya faru da ungulu da 'yan'uwanta, watau shaho da shirwa da gaggafa da mujiya, ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Akwai wurin da zai kai su, ya je da safe ya komo Dilimi kafin la'asar.

INDA WURIN YAKE

A ƙasashe kamar Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu akwai gidaje na musamman da aka gina don tsuntsaye masu farauta. A can ake jiyyar waɗanda suka ji rauni, a hayayyafa waɗanda ke neman ƙarewa, sa'an nan iyalai su biya kuɗin shiga su yini suna kallo ana yi musu bayani. Akwai irin wannan a garin Boise na Amurka, wanda aka buɗe a 1984, akwai kuma wani mai suna VulPro a Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 2007 domin ungulu kawai.

Abin da ya fi kusa da wannan a Jihar Filato shi ne dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar birni. Girman dajin kamar hekta 300 ne. Akwai manyan duwatsu a cikinsa, da kurmi a bakin rafuffuka, da fili mai ciyawa da ƙananan itatuwa. Ƙanƙantarsa ba ta hana masana ƙirga kusan iri 300 na tsuntsaye a cikinsa ba.

A cikin wannan daji ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ake kira APLORI a taƙaice. An kafa ta a 2001 bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos, da ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya da ake kira NCF, da jama'ar Laminga masu dajin, da kuma shi Leventis ɗin, ɗan zuriyar masu kamfanin nan na Leventis da kowa ya sani. Tun 2002 take koyar da ɗalibai masu neman digiri na biyu, 'yan Nijeriya da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma.

Ya kamata masu karatu su gane tun da wuri cewa Amurum ba gidan zu ba ne. Babu keji, babu tsuntsun da aka ɗaure wa ƙafa don a yi kallo. Kowane tsuntsu yana cikin sha'aninsa, mai ziyara ne zai yi haƙuri ya neme shi. Wanda ke da ƙananan yara ƙwarai, waɗanda ba za su iya hawan dutse ba, yana iya fara kai su gidan zu na kusa da Gidan Tarihi na Jos, wanda ba shi da nisa daga Dilimi, ko kuwa gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Amma yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas, Amurum ta fi masa amfani.

ABIN DA YARA ZA SU GANI

Da sassafe ƙananan tsuntsaye ne ke da fili. A cikinsu akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama tsakanin duwatsu, wanda masanan duniya ba su san shi a matsayin iri na dabam ba sai a 1998, kuma daga tudun Jos aka fara bayyana shi. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi wanda ba ya wahalar saƙa sheƙa. Macen takan lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar jan tsuntsun, shi ya ƙyanƙyashe ya yi reno, har ɗan ya girma yana kwaikwayon kukan mai renonsa. Masu sha'awar tsuntsaye sukan taso daga Turai musamman don su ga waɗannan biyun.

Idan aka yi sa'a aka tarar da ɗalibai suna aikinsu, yara za su ga yadda ake kafa raga mai laushi a kama tsuntsu ba tare da an ji masa ciwo ba, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Da wannan zobe, da wasu 'yan na'urori da ake goya wa tsuntsu, ake gane hanyar da yake bi. Ta haka aka tabbatar da cewa wasu tsuntsayen da ke cin ƙwari a gonakin Filato da rani, waɗanda nauyinsu bai wuce na ƙwayar goro ba, suna ƙetare hamadar Sahara da teku su je Turai su yi ƙwai, sa'an nan su komo. Ɗan ci-rani ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Wajen ƙarfe 9 zuwa 11 na safe, lokacin da rana ta gasa duwatsu iska mai zafi ta fara tashi sama, a nan ne masu farauta ke fitowa. Sai a zaunar da yara a kan dutse a ce su ɗaga kai. Shirwa ita ce mafi saukin ganewa, domin wutsiyarta a tsage take kamar ta kifi, tana murɗa ta hagu da dama tana shawagi. Shaho kuwa fiffikensa mai tsini ne, in ya hango abin da yake so sai ya naɗe su ya faɗo kamar an jefo dutse. Yaro zai lura cewa manyan tsuntsayen nan ba su cika kaɗa fiffike ba, iskar da ke tashi ce ke ɗauke da su suna kewayawa suna ƙara sama.

Abin da yaro ba lalle ya gani ba, ko ya yini yana duban sama, shi ne ungulu. A nan ne zai yi tambaya, kuma ya kamata uba ya zo da amsa.

INA UNGULU TA TAFI?

A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke neman ƙarewa, IUCN, ta sa ungulun kwata cikin jerin waɗanda suka kai bakin halaka, tare da wasu manyan ungulaye iri uku na Afirka. A shekarar nan kuma wani bincike da masana suka haɗu suka yi ya nuna cewa ungulayen Afirka iri 8 sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a shekara 30. Da suka bi diddigin dubban gawawwakin da aka samu, sai suka ga kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma an kashe su ne don a sayar da sassan jikinsu ga masu magani da tsubbu. Yawancin ragowar wayoyin lantarki ne suka halaka su.

Gubar iri biyu ce. Wani lokaci makiyayi ne ko manomi ke barbaɗa maganin ƙwari a jikin mushe don ya kashe kura ko karnukan da suka dame shi, sai ungulu ta riga su sauka. Da yake a taro suke ci, mushe ɗaya yana iya kashe gommai. Wani lokaci kuma da gangan ake yi. A 2020 an tsinci gawar ungulu fiye da 2,000 a ƙasar Gini Bisau, an ba su guba, da yawa kuma an sare musu kai.

Maganar kan ungulu ita ce ta shafi masu karatu kai tsaye. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na gawawwakin ungulu da sauran tsuntsaye masu farauta da ake kasawa don sayarwa, a kasuwannin Nijeriya suke. Da na gida suka yi ƙaranci, sai fatake suka shiga kawo su daga Nijar da Chadi da Benin da wasu ƙasashen. Kayan yakan bi hanyar da shanu da albasa da tumatir ke bi, daga Arewa zuwa manyan kasuwannin Kudu. Masu saye sun haɗa da kowace ƙabila da kowane addini: mai neman sa'ar caca, mai neman kujerar siyasa, mai neman kasuwa, da wanda aka ce masa ƙwaƙwalwar ungulu za ta sa ya ga gaibu, tun da ita tana hango mushe daga nesa. Gaskiyar maganar kuwa ita ce ido gare ta mai ƙarfi, kuma tana lura da inda 'yan'uwanta suka sauka. Banda wannan, tsuntsuwar da aka kashe da guba, duk wanda ya sha ko ya ci wani abu daga jikinta ya sa kansa cikin haɗari.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne ungulu ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, a kan doguwar itaciya, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, sa'an nan ta yi watanni tana ciyar da ɗan. In an kashe uwa ɗaya, an yi asarar shekaru. Ga kuma manyan itatuwan da take sheƙa a kai, irin su tsamiya da maɗaci da rimi, ana ta sarewa don katako da gawayi.

Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. A farkon 2024 an buga wani babban bincike a kan tsuntsaye masu farauta iri 42 na dazuzzukan Afirka, aka ga kashi 88 cikin 100 daga cikinsu sun ragu, kuma a Afirka ta Yamma raguwar ta fi muni. Har da babbar ungulun nan ta sararin sama da ake kira maiki, wadda a ranar 29 ga Nuwamba, 1973, ɗaya daga cikinsu ta yi karo da jirgin sama a saman birnin Abidjan a tsawon mita 11,300. Watau ta ninka tsawon duwatsun Shere, da ake hangowa daga Jos, fiye da sau shida.

ABIN DA YA SAMI INDIYA

Wani zai ce to, in ungulu ta ƙare sai me, tsuntsuwar da ba a ci, ba ta da kyan gani, ba ta da daɗin kuka? Mutanen Indiya sun riga sun ga amsar.

A can akwai miliyoyin ungulaye da ke cinye gawar shanu. Daga wajen 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai araha, ana kiransa diklofenak. Ashe duk ungulun da ta ci naman saniyar da aka yi wa wannan allura, ƙodarta takan lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Kafin a gano dalili a hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, wasu irin ungulayen sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya ƙazantu, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu sun yi lissafi a 2024, suka ce rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

Sirrin yana cikin tumbinta. Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin gaske, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, har da na ciwon saifa da makiyaya ke tsoro. Kare da ɓera da ƙuda in sun ci mushe sukan kwaso cutar su shigo da ita gida. Ita kuwa ungulu a cikinta cutar ke mutuwa. Ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi, ba ta kuma yajin aiki. Duk wanda ke sana'a a kwatar Oko-Oba ta Agege ya san yawan ƙazantar da yanka ke bari kowace rana.

MUJIYA DA SHIRWA MA SUNA DA RANARSU

Mujiya ita ce ta fi kowa shan tsangwama. In ta yi kuka a kan rufi sai a ce mayya ce ko mutuwa ta zo, a fito da sanda. Alhali ɓera ta zo nema. Mujiya da 'ya'yanta suna iya cinye ɓeraye fiye da 1,000 a shekara. Don haka ne manoman kwakwar manja a ƙasar Malesiya ke kafa mata akwatuna a gonakinsu don ta zauna.

Mutanen Jos suna da dalili na musamman na kula da wannan. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, a wani asibitin mishan na Jos aka yi jiyyar masu cutar na farko, kuma a 1970 ta ɓarke a cikin Jos ɗin kanta ta kashe mutane, har da likita. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa ta, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma wannan ɓera yana cikin abincin mujiya na yau da kullum. Wanda ya kashe mujiya a rumbunsa ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo.

Shirwa kuma, gaskiya ne takan sure ɗan tsako. Amma yawancin abincinta fara ce da gara da ƙananan mushe da tarkacen kwata. Ita ma 'yar ci-rani ce: da rani takan cika garuruwan Kudu, in damina ta kama sai ta bi ruwa ta yi Arewa.

YADDA ZA A SHIRYA TAFIYAR

Da yake cibiyar wurin karatu da bincike ce, ba wurin shaƙatawa kawai ba, wajibi ne a nemi izini tun kafin ranar, a kuma nemi wanda zai yi jagora. Ya fi kyau gida biyu ko uku su haɗu su ɗauki mota guda, ko malaman makarantar boko ko ta Islamiyya su shirya wa ɗalibansu. A tashi daga Dilimi bayan sallar asuba, domin wanda ya isa da tsakar rana ba zai ga kome ba sai zafi. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne baƙin tsuntsayen Turai ke nan. Wanda zai je a Disamba ko Janairu ya tuna sanyin Jos, ya sa wa yaran da suka saba da zafin Ikko rigunan sanyi.

A sa takalmi mai rufi saboda duwatsu da ƙaya, a guji tufafi masu ƙyalli ko fari fat, domin tsuntsu na hango su ya gudu. A riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, ƙosai ko soyayyen dankali, a kuma komo da ledoji gida. A bincike aljihun yara maza, kada wani ya ɓoye danƙon harbi. Ba a sare itace, ba a kunna wuta, ba a ɗaukar ƙwai ko sheƙa. In akwai madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne, ya isa a yi ta karɓa-karɓa. A ba kowane yaro littafi da fensir ya rubuta abin da ya gani, uba ko kaka su gaya masa sunan Hausa, jagora ya gaya masa na Turanci.

Akwai wata magana kuma da ba a ɓoyewa. Tun rikicin 2001 unguwannin Jos suka rarrabu, har yara da yawa sun girma ba su taɓa taka ƙauyukan da ke kewaye da birninsu ba. Mai hankali zai tambayi lafiyar hanya kafin ya tashi, ya kuma komo da rana. In an isa, a tuna cewa dajin na mutanen Laminga ne, su suka yarda aka bar shi ba a nome ba, shi ya sa ya kai yau. A gaishe su da mutunci, a bi ƙa'idarsu, a sayi ɗan abin da suke sayarwa. Yaro ya ga ubansa ya yi haka, shi ma karatu ne.

WANDA BAI SAMI ZUWA GIDA BA

Mazauna Ikko suna da gandun Lekki, wanda ƙungiyar NCF ta kafa a 1990, inda za a iya kai yara ranar Asabar ko Lahadi su ga birai da tsuntsaye. Har wa yau, ranar Asabar ta farko a watan Satumba kowace shekara ita ce ranar tunawa da ungulu ta duniya. Matasa masu wayar hannu kuma suna iya shiga aikin ƙirgar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar Amurum ta fara a 2015, inda kowa ke rubuta tsuntsayen da ya gani a unguwarsa ya aika.

Nijeriya tana da doka tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara yawan tara, da ta hana farauta da cinikin namun daji da tsuntsayen da ke neman ƙarewa. Ƙungiyar NCF kuma ta zauna da shugabannin masu maganin gargajiya, wasunsu sun yarda su koma ga saiwoyi da ganyaye maimakon sassan ungulu. Amma doka ba ta shiga kowace rumfa. Sarakunan Hausawa na zango-zango, da sarakunan fawa, da shugabannin direbobin manyan motoci, su ne suka san abin da ake ɗorawa a kan kaya da wanda ke karɓa. Direba yana iya ƙin ɗaukar buhun da ya san abin da ke ciki. Mahauci yana iya hana a sa guba ko tarko a bayan kwatarsa. Makiyayi yana iya binne mushen da ya sa wa magani, ko ya bar sa maganin gaba ɗaya.

Ungulu dai ba ta jewar banza, in ji masu iya magana. Allah ya sa yaran da ke tasowa yanzu su gan ta tana jewar da idonsu, amin.